Allon Ƙofar Laburare

Arzika ya goge allon ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma,
ya sake cika shi da farin alli.
Ni ina tsaye da kwandon banda a ka,
zan wuce kasuwar Yawuri,
sai Ige ta ja mini riga: Kaka, dakata in karanta.
Boko bai san hanyar gidanmu ba sai a kanta.

Talata bayan la'asar, in ji ta,
Malama Kulu Zamare za ta zo da littafinta
na matan da ke turara shinkafa a bakin gulbi.
Na ce, ita ta taɓa ƙona yatsa a bakin tukunya?
Ige ta ce in zo in tambaye ta da bakina,
kujera kyauta ce, tambaya ma kyauta.

Laraba da Asabar ajin kwamfuta,
guda huɗu ne, ɗaya ba ta tashi sai an lallashe ta.
Alhamis bayan isha'i ajin manya,
ajami ga mai so, boko ga mai so.
Wai Nomau mai faci har ya ba da suna,
shi da ya rantse gemunsa ba zai hau benci ba.

Sai ta yi shiru,
ta ɗora yatsa a layin ƙarshe.
Kaka, ga sunanka.

Baje kolin kayan su da hotunan da,
tun kafin ruwan dam ya haɗiye gungunmu.
Taru, birgi, mamari, gora,
da homar Tunau Sarkawa.

Ashe! Watan jiya yaron nan ya zo har zaure,
ya nace sai na ba shi tsohuwar homata
wadda ɓeraye suka yi wa kaciya.
Na ba shi don in huta da naci,
na zaci 'yan tsaki zai rufe da ita.

Na sauke kwando, na tuɓe takalmi,
aka ce ba masallaci ba ne, na ce na dai tuɓe.
Ciki sanyi, ƙamshin tsohuwar takarda,
fanka tana juyi kamar ba ta so.
Ga homata a bango, an wanke ta,
ta yi tsaf kamar ba ta taɓa jin ƙarnin rajiya ba.

Kusa da ita hoto, baƙi da fari.
Mashigin jirage. Tsamiyar nan mai reshe a karye,
wadda yau giwan ruwa ke kwana a gindinta.
Wani mutum ya juya baya, riƙe da filafili,
ƙafar hagu a ɗan karkace.
Ba na buƙatar fuska.
Ƙaya ce ta kurungu ta karkata ƙafar nan,
ni na riƙe fitila daren da aka cire ta.

Ige, me aka rubuta a ƙasa?
Ta ce: Wani masunci.

Wani!
Mutumin da ya haye Kwara da dare ba wata,
ya ciyar da baki goma sha ɗaya da ƙugiya.

Arzika ya ce in faɗi sunan, yanzu ya gyara,
har ya zaro biro daga aljihu.
Na riƙe masa hannu.
Na ce bar shi haka, kada ka taɓa.
Wata nawa hoton zai yi a bango?
Ya ce uku, in an so a ƙara.
Jaɓɓi harafi nawa ne?
Ige ta ƙirga a yatsu, ta ce biyar,
biyu ma iri ɗaya ne, an yi maka rangwame.

Na ɗauki kwandona, rana ta yi, kifi ba ya jira.
A bakin ƙofa na waiwayo:
ranar Alhamis ɗin nan,
a gaya wa Nomau ya matsa mini wuri.